Jawabin De Gaulle na 1940: wa ya ji shi a lokacin?

Malam, ka tambaya ko jawabin da Janar De Gaulle ya yi a BBC ranar 18 ga Yuni 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, shi ya tayar da Faransawa gaba ɗaya a kan 'yan Nazi. A'a, ba haka abin ya kasance ba. Mutane kaɗan ne suka ji shi a daren, kuma BBC ba ta ma ɗauki muryar ba. Wanda ake yawan sakawa yau na ranar 22 ga Yuni ne. A lokacin kunnen jama'a yana wajen Marshal Pétain, sabon shugaban gwamnatin Faransa, wanda kwana ɗaya kafin nan ya ce a daina faɗa. Gwamnatin Pétain, wadda ake kira gwamnatin Vichy, har hukuncin kisa ta yanke wa De Gaulle a bayan idonsa.

Tasirin rediyon ya zo ne sannu a hankali. Iyali su rufe taga, su rage murya, su kasa kunne ga Landan duk da Jamusawa na dagula tashar. Cikin shirin ake jefa wasu jimloli marasa kan gado, waɗanda 'yan gwagwarmaya kaɗai suka san ma'anarsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ƙarfin De Gaulle na farko daga maƙwabtanmu ya fito. A watan Agustan 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayansa, alhali Nijar tana hannun Vichy. Daga Chadi Leclerc, wani kwamandan De Gaulle, ya ratsa hamada ya ƙwace garin Kufra na Libiya daga hannun Italiya a 1941, da sojoji mafi yawansu 'yan Afirka. Paris kuwa sai 25 ga Agustan 1944 aka 'yantar da ita.