Mun kwashe bolar bakin titi ta dawo, yaya za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Garinmu yana kan titin Kano zuwa Zariya, akwai wani fili a bakin kwalta kusa da kwalbati da ya zama bola. Mu matasan unguwa mun yi gayya mun kwashe, amma ko wata ba a rufa ba ta dawo har ta fara cin titi. Wasu sun ce mu dinga cinna mata wuta kawai. Wai aikin waye wannan, kuma me za mu yi ta daina dawowa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka muku da alheri da wannan gayya. Bari in fara da maganar wuta domin ita ce ta fi damuna. Don Allah kar ku ƙona. Bolar yanzu ba ta rasa leda da robar lemo da tsofaffin tayoyi, hayaƙinta guba ne ga ƙirji musamman yara da masu asma, sannan a bakin babban titi kuke, in iska ta kwantar da hayaƙin nan a kan kwalta lokacin hunturu ga hazo, direban da ya taho a guje baya ganin abin da ke gabansa. Ita kanta kwaltar zafin wuta yana lalata ta, nan take fara tsagewa ruwa ya samu hanyar shiga.

To me yasa ta dawo? Saboda kun kwashe shara ne amma mutanen da suke kawo ta har yanzu basu da inda za su kai. Sharar bakin titi iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su waje ɗaya. Akwai wadda fasinja ke jefowa ta taga, ledar fiya wata, ɓawon rake, ɓawon ayaba, ita wannan a warwatse take kuma ta fi yawa inda motoci ke tsayawa, irin su Kwanar Dangora ko Tafa a hanyar Abuja. Akwai kuma wadda ake kawowa da gangan, yaran gida da bokiti, masu baro da ake biya su kwashe sharar gidaje, wani lokacin har tipa da ɓaraguzan gini cikin dare. Taku irin ta biyun ce tunda tsibi take yi a waje ɗaya. Kuma duk wanda ya yi aikin duba-gari zai gaya maka, in mutum ya ga buhu ɗaya a ajiye to ya samu lasisi, gobe buhu goma za ka tarar.

Maganar aikin waye, nan ake yawan jifan juna da ƙwallo. Titin na gwamnatin tarayya ne, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ita ke da gyaran irin waɗannan tituna da kwatocinsu, amma kwashe shara, kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ƙaramar hukuma ya ɗora wa. Jihohi da babban birnin tarayya kuma suna da nasu hukumomin kula da shara, a Kano akwai REMASAB, a Abuja akwai AEPB. Saboda haka ƙofar da za ku fara bugawa ita ce sashen lafiya da tsaftar muhalli na ƙaramar hukumarku, ku je da takarda a rubuce da hotuna, da sa hannun mai unguwa ko dagaci, ku ajiye kwafi. In kwalbatin ya toshe sai ku kai wata takardar ofishin FERMA na jiha. Ni a ganina wannan kwalbatin ma ya fi tsibin bolar haɗari, don in damina ta sauka ruwa bai samu hanya ba zai kwanta a gefen titi ya jiƙa ƙasan kwalta, manyan motoci su bi ta kai, shikenan rami ya buɗe, ragowar ruwan kuma gidajenku zai shiga ga sauro. Ba a fafe gora ranar tafiya, kafin watan Mayu ya kamata a ce an yashe shi.

Abin da ke hana ta dawowa kuwa, sai kun samar da wani wajen kafin ku hana wannan. Ku zauna da mai unguwa a ware fili can cikin gari nesa da titi da rijiyoyi, a yi yarjejeniya da ƙaramar hukuma ranar da mota za ta dinga zuwa ɗauka. Masu baron nan kar ku mayar da su abokan gaba, sana'a suke, ku kira su ku san sunayensu a nuna musu sabon wajen, ai su ne za su fara tona wanda ya karya doka. Ranar da kuka kwashe tsohon wajen kuma kar ku bar shi fayau, a ranar a kewaye shi, a dasa darbejiya ko a ba wani mai sana'a ya kula da shi can baya da kwalta. Allon “an hana zuba shara a nan” shi kaɗai ba ya komai, sai in an ga an ci tarar mutum ɗaya ko biyu, kuma tara aikin hukuma ne da kotun tafi-da-gidanka, ba naku ba ne, kar ku daki kowa.

Wani abu da ake mantawa, sharar garuruwanmu yawancinta ƙasa ce da toka da kashin dabbobi, kuma manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibarta a matsayin taki. Leda ce ke ɓata ta, ita ce kuma awaki da shanu ke haɗiya ta cunkushe a tumbi dabba ta yi ta ramewa. In gidaje suka ware roba da ƙarfe ƴan bola jari za su saya, manomi ya ɗauki takinsa, abin da ya rage kaɗan ne. Ruwanda ta hana ledar gaba ɗaya tun 2008, Kenya ta bi a 2017, mu kam sai mu fara da warewa.

In za ku sake gayya ku haɗa ta da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli lokacin motoci sun yi sauƙi, ku nemi jami'an kiyaye haɗurra su tsaya muku, kowa da safar hannu da takalmi mai kauri saboda kwalba da allurai, kuma yara ƙanana kar su zo kusa da kwalta.