Tambaya da Amsa: Wane shokabzoba ya dace da mota mai ɗakin kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Fiat Ducato 'yar Beljiyam, irin wadda aka ƙera mata ɗakin kwana da madafa da tankin ruwa a ciki, ina zirga-zirga da iyalina a cikinta tsakanin Gombe da Bauchi, wani lokaci har Yankari. Yanzu idan ta faɗa rami sai ta daɗe tana lilo, idan tirela ta wuce ta kuma sai ta yi tangaɗi, bayanta ma ya ɗan zauna. Makanikena ya ce a sa mata shokabzoba na babbar mota don ya ɗaga ta, wani kuma ya ce in nemi na Beljiyam. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Matsaloli biyu ka kawo a cikin tambaya ɗaya, kuma raba su shi ne zai hana ka kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Lilo bayan rami da tangaɗi idan iskar tirela ta buge ta, alamu ne na shokabzoba da ya gaji. Zaman baya kuwa ba laifinsa ba ne, domin ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba, sifirin ne ke ɗauka. Aikin shokabzoba shi ne ya kashe lilon da sifirin ke yi: a cikinsa akwai mai da fistin ke tilasta wa ya bi ta ƙananan ƙofofi, wannan tirjiya ce ke mayar da motsin ya zama zafi, motar ta natsu. Saboda haka ko na tirela ka ɗaura, bayan motarka ba zai tashi yadda ya kamata ba matuƙar sifirin ya saki ko kayan sun yi yawa.

Shi ya sa nake so ka fara da awo tun kafin ka shiga kasuwar kayan gyara. Da yawa daga cikin motocin nan da aka gina kan Ducato ko Mercedes Sprinter, iyakar nauyin da aka yarda musu kilo 3,500 ne, kuma ɗakin da gadaje da madafa sun riga sun cinye mafi yawansa tun daga masana'anta. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 ya ƙara kilo 100 kafin a ɗora janareta da tukunyar gas da buhun shinkafa da mutane. Ka duba ƙaramin allon ƙarfe da masu ƙera motar suka manna, za ka ga jimillar nauyi da kuma abin da ƙafafun gaba da na baya ke iya ɗauka daban-daban. Sai ka cika ta kamar ranar tafiya, ka nemi sikelin manyan motoci ka auna gaba da baya. Idan baya ya wuce ƙa'ida, rage kaya ne magani. Idan bai wuce ba amma ta zauna, to a duba sifirin.

Shawarar sa na babbar mota ban yarda da ita ba ko kaɗan. Kowane shokabzoba yana da tsawon da yake miƙewa da wanda yake tsukewa, idan ya fi ƙima tsawo sai ya riƙa dukan ƙarshensa a kowane rami har mazauninsa ya tsage, idan ya gaza kuma sai ya riƙe taya ta kasa bin ƙasa. Wanda ya yi tauri fiye da kima yana mayar da duk dukan hanya cikin ɗakin, kabad-kabad su kwance, taya kuma ta riƙa tsalle a kan gargada, abin da ke ƙara tsawon birki. Da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ake neman wanda ya dace. Akwai kuma wani abu da ke ruɗar makanikai da yawa: wasu daga cikin waɗannan motoci kansu ne kawai na Fiat, shasin baya na kamfanin AL-KO ne, kuma shokabzoban Ducato na baya ba ya hawa kansa. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar kafin a biya kuɗi.

Game da iri, akwai mai bututu biyu da mai bututu ɗaya. Mai bututu biyu ya fi sauƙin kuɗi da laushi, amma idan ya yi ta aiki a hanya mai ramuka, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40 a yankinmu, mansa yana iya yin kumfa ƙarfinsa ya ragu ana tsakiyar tafiya. Mai bututu ɗaya yana da iskar naitirojin da ke danne man, yana kuma saurin fitar da zafi, shi ya sa na fi son sa ga bayan mota mai tsawo da nauyi irin taka. Kamfanin Bilstein na Jamus ya shahara da wannan iri, Koni na Holan yana da wanda ake yi wa motocin kwana, Sachs da KYB da Monroe kuma suna yin waɗanda suka yi daidai da na asali. Sai dai suna a kwali ba ya isa, domin jabu ya yi yawa, don haka ka saya a wurin wanda zai ba ka rasit kuma ya yarda ka mayar idan lamba ba ta dace ba.

Na Beljiyam kuwa ba na ba ka shawararsa, domin gajiyar shokabzoba a ciki take, danna shi da hannu a shago ba ya nuna yadda zai yi a ƙarƙashin tan uku da rabi.

Idan an zo ɗaurawa, a canza biyu-biyu, hagu da dama tare, in da hali ma duka huɗun. A canza robobin mazauni da suka tsage, kuma kada a ƙarasa ɗaure kusoshi sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta mutu da wuri. Na gaban Ducato haɗe yake da sifirin kuma yana cikin abin da ke riƙe ƙafa, don haka dole a yi alaimen bayan an canza shi. Ka kuma shafa tayoyinka da hannu, idan ka ji sun ci tudu-da-kwari, mai yiwuwa tsohon shokabzoban ne ya jawo, kuma sabon ba zai gyara su ba, sai dai a canza su kafin tafiyarka ta gaba zuwa Bauchi.