Kafin Alƙalami, Jinkiri da Kuɗin Gini: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Mijina ya rasu, da kuɗin gadon marayuna nake gina gida mai ɗaki uku a Kano. Na ba ɗan kwangila kashi 70 cikin 100 tun farko, ya ce wata shida zai miƙa mini makulli. Yanzu shekara ta wuce, gini na tsaye a linta, wai siminti ya tashi sai na ƙaro. Barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Ki kwantar da hankalinki, akwai mafita. Kada ki ƙara masa ko sisi. Ki nemo masanin ƙididdigar gini mai rajista, ya ƙirga bulon da aka jera, ya duba rodi da simintin da suka shiga, ya rubuta miki kuɗin aikin da ke ƙasa. Ki haɗa wannan da alat na banki, da saƙonnin WhatsApp, da mutanen da aka yi magana a gabansu. Alƙawarin baka ma yarjejeniya ce a wurin doka, wahalarsa dai kafa hujja. Daga nan lauya ya rubuta masa takarda da wa'adi. In ya yi kunnen ƙashi, akwai cibiyar sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano, ta fi shari'a sauri da sauƙin kuɗi. Gaskiya ne buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, amma wanda ya karɓi kashi 70 tun ranar farko me ya hana shi sayen kaya a lokacin? In jinga aka yi a kan kuɗi ɗaya, ba sharaɗin ƙari, tashin farashi a wuyansa yake.

Yanzu bari in juyo kan sauran jama'a, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Gwamnatin Tarayya da kanta, a dokar ba da kwangila ta 2007, ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15, dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30, kuma ba a bayarwa sai ɗan kwangila ya kawo lamunin banki ko na inshora. Mu kuwa sai mutum ya kwashi gumin shekara ashirin ya damƙa wa magini, dalili kawai sahu ɗaya suke salla, ko ƙanin matarsa ne. Ka ce a rubuta, a ce ka raina mutane. Wace irin kunya ce wannan? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Ku biya mataki-mataki: an gama fandisho a biya, an kai linta a biya, an ɗora kwano a biya, haka filasta da wayarin. Kowane biya ku riƙe kashi 5, kada ku saki duka sai damina ta ratsa ta kan rufin kun ga ba yoyo. A rubuta ranar gamawa, da abin da za a cire masa duk makon da ya ƙara, kuɗi daidai da asararku, misali hayar da kuke ci gaba da biya. In kun zuba adadin da hankali ba zai ɗauka ba, kotu na iya watsi da shi. Masu gida kuma ku ji naku: wanda ya zo tsakiyar aiki ya ce a rushe kicin a mayar da shi gabas, ko ya riƙe kuɗin mataki wata biyu, shi ya jawo jinkiri, ba shi da bakin neman diyyar waɗannan kwanaki.

Tambaya: Birkila ya ɓata mini wata uku. Ina da aboki a caji ofis, in sa a kulle shi ya ji a jikinsa?

Amsa: Haba Alhaji! Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Ka kulle shi, ya fito ya maka ka a kotu kan tauye haƙƙi, ka biya diyya, ginin kuma na nan yadda yake. Zamba daban ce, wannan jinkiri ne.

Tambaya: Na gama gyaran azuzuwa na wata hukumar tarayya, an ba ni satifiket, wata takwas shiru. Bashin 'yan siminti ya hana ni fita kasuwa.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, na san nauyin da ke kanka. A dokar 2007 ɗin nan, kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya ya zama biyan da aka jinkirta, kuma ana ɗora masa ruwa gwargwadon abin da ke cikin takardar kwangila. Karɓar ruwan nan sai ka tambayi malaminka, amma uwar kuɗinka haƙƙinka ce. Ka daina zaryar baka, ka rubuta wa shugaban hukumar, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, kuma ka ga lauya da wuri, domin ƙara tana da wa'adi. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya tura maka fayil, ka guje shi.

Tambaya: Cire wa ɗan kwangila kuɗi saboda jinkiri ba riba ba ce?

Amsa: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992 da na Riyad a 2000, ta halatta wannan sharaɗi a kan mai aiki in an amince tun farko, sai dai in abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsayar da shi. Abin da ta hana shi ne ɗora ƙari a kan mai gida don ya makara wajen biya, domin wannan bashi ne.