Kuɗin da ban san mai su ba sun shigo asusuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a garin Tawa. A makon jiya saƙo ya shigo wayata cewa an zuba miliyan 1 da jika 350 na sefa a asusuna na banki, wanda albashi kaɗai ke shiga cikinsa. Ba na bin kowa bashi, kuma ban sayar da komai ba. Washegari wani mutum ya kira ni, ya ce shi ɗan kasuwar albasa ne, yaronsa ne ya kuskure lamba, ya roƙe ni in ciro kuɗin in aika masa ta kamfanin aika kuɗi da sunan ƙanensa, in riƙe jika 50 tukuici. Abokaina sun rabu biyu: wasu sun ce rabona ne Allah ya kawo, wasu sun ce in tausaya wa bawan Allah in aika masa kayansa. Ina da bashin mai shago a kaina, kuma zuciyata ba ta natsu da ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba. Me ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Rashin natsuwar da ka ji ita ce ta tsare ka zuwa yau, domin shawarwarin nan biyu kowacce tana iya jefa ka cikin wahala, kuma ta biyun, wadda ta fi kama da kirki, ita ce ta fi haɗari. Kada ka taɓa ko dala daga cikin kuɗin, kada kuma ka mayar da su da hannunka ga wanda ka sani ta murya kawai. Bankin da ya shigo da su shi ne zai mayar da su ta hanyar da suka biyo, kai kuma ka riƙe shaida a rubuce.

Abu na farko shi ne ka tabbatar kuɗin suna nan da gaske. Saƙon waya ba hujja ba ne, domin ƴan damfara suna iya tsara saƙo mai ɗauke da sunan banki ba tare da an zuba komai ba. Ka je reshen bankinka da katin ɗan ƙasa, ka nemi takardar da ke nuna shige da ficen asusunka, wadda ma'aikatan banki ke kira relebe, sannan ka tambayi mai kula da asusunka ta wace hanya kuɗin suka zo: an zuba su ne a hannu a wani reshe, ko daga wani asusu aka turo su, ko kuwa caki aka ajiye? Mai yiwuwa amsar ta zo da sauƙi. Ma'aikacin gwamnati kan wayi gari ya ga rapel, wato tarin kuɗin baya na ƙarin matsayi, da ya daɗe da fid da rai da shi, kuma a Tawa, inda da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan cirani a Abijan ko Libiya ko Aljeriya, ba abin mamaki ba ne wani ɗan uwa ya turo kuɗin gini ko na biki ta asusun wanda ya yarda da shi kafin ya sami sukunin yin waya. Sai dai kiran da aka yi maka ya sa ban karkata ga wannan ba.

Ka lura da labarin da mutumin ya ba ka. Cikakkiyar lambar asusu a ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, tana da alamomi 24, kuma biyun ƙarshe mabuɗi ne da ake lissafawa daga sauran, musamman domin na'ura ta gano lambar da aka rubuta ba daidai ba. Kuskure yana faruwa duk da haka, wani lokaci ma daga hannun ma'aikacin bankin kansa. To amma wanda ya yi kuskure na gaskiya bankinsa yake garzayawa, kuma banki ba ya ba baƙo lambar wayar mai asusu, domin doka ta ɗora masa riƙe sirrin abokan hulɗarsa. Daga ina wannan mutum ya sami lambarka cikin kwana ɗaya? Me ya sa yake son kuɗin su fita ta wata ƙofa dabam, da sunan wani mutum dabam? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma jika 50 ɗin nan farashin sa hannunka ne.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan caki ne aka ajiye, banki yana iya nuna adadin a asusunka kafin a tabbatar cewa cakin yana da kuɗi a bayansa, kuma ranar da ya dawo babu komai za a cire adadin gaba ɗaya, alhali kai ka riga ka aika kuɗi na gaske, sai a bi ka bashin da za a yi ta yanka daga albashinka wata da watanni. Idan kuma an sato kuɗin ne daga asusun wani, ko an yaudari wani aka ba shi lambarka ya biya kuɗin kayan da ba za su taɓa zuwa ba, to ranar da mai kuɗin ya kai ƙara sunanka ne zai fito a takarda, hotonka ne kyamarar banki ta ɗauka kana ƙirgawa, wanda ya kira ka kuwa ya jefar da layinsa. Bankuna kuma wajibi ne su sanar da hukumar CENTIF, mai bin diddigin kuɗin haram, duk wata hada-hadar da suke zargi, ba tare da sun gaya wa mai asusun ba, kuma kuɗi masu yawa da suka shiga asusun albashi suka fice nan take irin abin da ake sa wa ido ne. Malamin da bai ci komai ba sai tukuici yana iya samun kansa a gaban mai bincike yana bayanin halatta kuɗin haram.

Su kuma masu cewa rabo ne, ina jin nauyin bashin da ke kanka, kuma na san yadda ƙarshen wata yake ga malamin makaranta, amma maganarsu ba ta da madogara. Dokar farar hula da ake aiki da ita a Nijar ta ce wanda ya karɓi abin da ba haƙƙinsa ba, da saninsa ko bisa kuskure, wajibi ne ya mayar, kuma wanda ya riƙe da mugun nufi ana iya ɗora masa ƙari a kan asalin kuɗin. A shari'a ma, ko tsintuwar da aka samu a kan hanya malamai sun ce a yi cigiyarta shekara guda, balle kuɗin da kowane tamma nasu yake da sawu a rubuce, wanda banki zai iya bi har zuwa ga mai shi.

Saboda haka ka rubuta wa shugaban reshen takarda mai kwafi biyu, ka faɗi ranar da kuɗin suka shigo da adadinsu, ka ce ba ka san asalinsu ba, kana neman a bincika a mayar wa mai su, kuma ka ambaci kiran da aka yi maka tare da lambar da ta kira. A buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka kafin ka bar wurin, domin maganar baki a gaban gishe, wato tagar ma'aikacin banki, ba ta kare kowa idan an je kotu. Kada ka goge saƙon ko lambar. Albashinka kana iya ci gaba da cirowa, muddin abin da ya rage bai gaza adadin nan ba, kuma idan banki ya yarda ya killace kuɗin ya fi maka kwanciyar hankali.

Idan mutumin ya sake kira, ka gaya masa cikin ladabi cewa magana tana hannun banki, ya je nasa bankin da rasiɗinsa. Kada ka karanta masa wata lambar sirri da ta shigo wayarka, ko da ya ce daga banki yake. Ɗan kasuwa na gaskiya zai yi haƙurin ƴan kwanakin da binciken zai ɗauka, tunda kuɗinsa za su koma masa cif. Idan ya koma ga zagi ko barazana, ka kai takardarka mai hatimi da lambarsa ofishin ƴan sanda ko na jandarma a ranar, ka kuma sanar da bankin cewa ka kai.