Kun Tambaya, Mun Amsa: Idodin Yahudawa da Ranakun Asabaci

Tambaya: Malam, an ce Yahudawa da wata suke lissafi. To me ya hana idodinsu zagaya shekara kamar watannin Hijira?

Amsa: Watanninsu na wata ne, kwana 29 ko 30, amma da rana suke daidaita shekara. Shekarar wata tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata guda sau bakwai: a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19. Watan Adar ake ninkawa. Dalili kuwa, Attaura ta ɗaure Idin Ƙetarewa, na tuna fitowarsu daga Masar, wanda ake yi 15 ga watan Nisan, da lokacin nunar sha'ir, kuma ba don ƙarin ba da ya zame ya faɗa cikin sanyi.

Tambaya: Idan idi ya zo ranar Asabar, wato Asabaci, ranar hutun Yahudawa, wanne ke danne wani?

Amsa: Ya danganta da idin. Ranar Kafara, 10 ga Tishri, ita kaɗai ce ake azumi ko ta faɗo Asabar, kusan awa 25 ba ci ba sha. Azumin 9 ga Ab, na juyayin rushe Haikalin Ƙudus, ɗage shi ake yi zuwa Lahadi. Idan Sabuwar Shekara ta zo Asabar ba a busa ƙahon da aka saba busawa a idin, domin malamansu sun ji tsoron wani zai ɗauke shi ya ratsa titi, alhali ɗaukar kaya a waje haramun ne a ranar.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne idin da ya zo Jumma'a. An yarda a yi girki ranar idi, amma na ranar kawai, ga kuma Asabaci na biye wanda ba a hura wuta. Mafita ita ce tun kafin idin ya shiga a ware gurasa da wani dafaffen abinci, kamar ƙwai, a yi musu addu'a, sai girkin Jumma'a ya zama ci gaban abin da aka riga aka fara. Wanda ya cinye abin da ya ware kafin ya gama girki ya ɓata shirin.

Tambaya: Akwai Asabar da ta fi wata?

Amsa: Akwai huɗu kafin Idin Ƙetarewa da ake fito da naɗin Attaura na biyu don ƙarin karatu. Ta farko, Shekalim, na tuna rabin shekel, kuɗin da ake bayarwa a da don Haikali. Ta biyu, Zakor, ana gab da Furim (idin tuna kuɓutar Yahudawa a ƙasar Farisa), labarin Amalekawa, abokan gāban Bani Isra'ila, ake karantawa, kuma ita aka fi tsanantawa a kan kowa ya je ya ji da kunnensa. Ta uku, mai suna Fara, tana magana kan jar karsana ta tsarkakewa, ta huɗu kuma, Hakodesh, kan shigowar Nisan. A shekarar da aka ninka Adar, da na biyun ake lissafinsu, haka ma Furim ɗin kansa.