Akwati biyar da yara biyu daga Frankfurt zuwa Brussels: jirgin ƙasa ko hayar mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 4, za mu sauka a filin jirgin saman Frankfurt da safe. Daga nan za mu wuce Brussels wurin ƙanena mu yi kwana biyar, sai mu yi kwana uku a Paris, daga can mu taso gida. Manyan akwatunanmu biyar ne, kowanne kilo 23, yawancinsu tsarabar 'yan'uwa. Na daɗe ina tuƙi a Kano da Abuja. Mu hau jirgin ƙasa, ko in karɓi hayar mota in tuƙa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya. Shawarata ku hau jirgin ƙasa, amma da sharaɗi guda: akwatunan nan su ragu zuwa huɗu, ko kuma ƙanenka ya taho Frankfurt ya tarbe ku.

Abin da ya kashe maganar mota a tafiyarku shi ne, a Jamus za ka karɓe ta, a Faransa za ka ajiye ta. Motar da ke ɗauke da lambar Jamus dole kamfanin ya san yadda zai yi ta koma gida, kuma kai za a caza kuɗin komawar. Wannan caji kaɗai yakan kai ɗaruruwan yuro, wani lokacin ya fi kuɗin hayar kanta. Mutane da dama ba sa lura da shi sai sun zo shafin biya, domin farashin da ake fara nuna musu na wanda zai dawo da motar inda ya ɗauka ne. Bayan haka sai ka shaida wa kamfanin cewa za ka tsallaka iyaka, a rubuta a takardar yarjejeniya. Idan ba ka faɗa ba kuma wani abu ya faru a Beljiyam, inshorar na iya zame maka.

Sannan wace mota ce za ta ɗauke ku? Wurin kaya na motar Golf bai wuce kimanin lita 380 ba, manyan akwatuna biyu sun cika shi. Mutum huɗu da akwati biyar sai babbar mota mai kujera bakwai zuwa tara, irin Vito, ga kujerun yara. Dokar Jamus ta ce duk yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma tsawonsa bai kai santimita 150 ba, sai an ɗora shi a kujerar da ta dace da shi. Ke nan har babban yaronka da wuya ya tsira, kuma kowace kujera da kuɗinta. Za su nemi katin kiredit mai sunan direba don su riƙe kuɗin jingina, kuma kamfanoni da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum, balle a babbar mota. Za su so ganin lasisinka na gida tare da na ƙasa da ƙasa. Na ga magidanci tsaye a gaban kanta da takardar biya a hannu, iyalinsa na zaune a kan akwatuna, an hana shi makulli saboda katin da ya zo da shi. Ba na so in ji haka ta same ka.

Ban raina tuƙinka ba, wanda ya saba da titunan Kano ya san hannunsa. Amma ka tuna a jirgin sama za ka kwana, ka sauka ido na yaji, sannan ka fuskanci kilomita kusan 400. A babban titin Jamus akwai wuraren da ba a ƙayyade gudu ba, motar da ka hango can nesa a madubi kafin ka ƙifta ido tana bayanka. Kana shiga Beljiyam iyakar gudu ta koma kilomita 120 a awa, a Faransa 130, idan ana ruwa 110. Allunan hanya ma suna da nasu rikici: garin da Jamusawa ke rubutawa Lüttich shi ne Liège, shi ne kuma Luik a ɓangaren masu yaren Holan. A cikin unguwannin Beljiyam da Faransa, mahaɗar da ba ta da alama wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito. Brussels tana da dokar hana motoci masu yawan hayaƙi shiga gari tun 2018, kuma motar da ke da lambar Jamus sai an yi mata rajista ta intanet kafin ta shiga. A Paris yawancin tituna gudun 30 ne tun 2021, wurin ajiye mota kuwa tsada da wahala. Kyamara ce ke kama mai laifi, tarar ta biyo ka Kano bayan watanni, kamfanin ya ƙara nasa ladan a kai ya cire daga katinka. Kwana takwas ɗin nan, mafi yawansu motar a ajiye za ta yi su kana biya.

Jirgin ƙasa kuwa kamar don ku aka shimfiɗa layinsa. Tashar jiragen ƙasa masu dogon zango tana haɗe da Terminal 1 na filin jirgin, ba sai kun shiga gari ba. Jirgin ICE, wato jirgin ƙasa mai gudu na Jamus, yana tashi daga nan kai tsaye zuwa Brussels ta Köln da Aachen da Liège, tafiyar kamar awa uku. Daga Brussels zuwa tashar Gare du Nord ta Paris, jirgin ƙasa na Eurostar awa ɗaya da minti 22 yake yi. Kalmar da nake so ka riƙe ita ce kai tsaye. Idan DB Navigator, manhajar kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, ta nuna maka tikiti mai rahusa amma da canjin jirgi a Köln, ka bar shi. A 2024 kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai na jiragen nesa na Jamus suka isa a kan lokaci, kuma canjin minti goma da yara da kaya, ana sauka bene ana hawa bene, shi ne inda tafiya ke lalacewa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato kayan. A jirgin ƙasa ba a auna akwati, amma ba wanda zai karɓa ya loda maka. Babu ɗan dako, babu yaron mota. Ƙa'idar kamfanin jiragen Jamus ita ce, bayan jakar hannu, kowane fasinja babban kaya ɗaya wanda mutum guda zai iya ɗauka. Ka ƙirga hannuwanku: kai biyu, uwargida ɗaya domin ɗayan yana riƙe da ƙaramin, babban yaron zai iya jan matsakaicin akwati mai taya. Huɗu ke nan, na biyar ba shi da mai shi. Jirgin kuma mintuna kaɗan yake tsayawa a tashar filin jirgi, ƙofarsa tana da 'yan matakala, mutane na sauka wasu na turowa. Ga yadda nake koya wa masu iyali: ku duba allon da ke nuna inda taragonku zai tsaya, ku je can tun da wuri. Jirgi na tsayawa uwargida ta fara shiga da yara ta tsaya daga bakin ƙofa, kai kana ƙasa kana miƙa akwatuna ɗaya bayan ɗaya, kai ne na ƙarshen hawa. Kada a taɓa yin akasin haka, a bar yaro a ƙasa ana fama da kaya. Manyan akwatuna a kantar kaya ta cikin tarago ake sa su, don haka ka biya kuɗin kama kujeru kusa da ita, inda idonka zai riƙa kai wa gare su duk tashar da aka tsaya. Kowane akwati a manna masa suna da lambar waya.

Abin da ya sauƙaƙa lamarinku shi ne nauyin na zango ɗaya ne. Tsaraba za ta sauka a Brussels. Idan ƙanenka zai iya hawo jirgi ya same ku a Frankfurt, ko ya zo da mota ya kwashi kayan da wasunku, magana ta ƙare, ku taho da biyar ɗin. In ba haka ba, ya tsaya muku a tashar Bruxelles-Midi, wadda kuma ake rubutawa Brussel-Zuid, tasha ɗaya ce. Wuri ne mai cunkoso da masu yankan aljihu, jakar fasfo ta kasance a ƙirjinka. Zuwa Paris, Eurostar yana ba babban mutum akwati biyu da jakar hannu, ka duba girman da suka ƙayyade kafin ranar, musamman idan an yi sayayya akwatunan sun sake cika.

Wajen sayen tikiti, kada arha ta ruɗe ka a zangon farko. Tikitin Sparpreis, wato mai rahusa, na jirgi ɗaya ne tak, idan jirgin samanku ya makara ko layin shige da fice ya yi tsawo, ya tafi da kuɗinka. Ko dai ka bar tazarar awa uku tsakanin saukarku da tashin jirgin ƙasa, ko ka sayi Flexpreis da ke ba ka damar hawa na gaba. Na Paris kuwa ka saya tun yanzu, domin kujera a ƙayyade take kuma farashi na hawa yayin da rana ke matsowa. Idan jirgin ƙasan ne ya makara da awa ɗaya, dokar Tarayyar Turai ta ba ka kashi 25 na kuɗin tikiti, awa biyu kuma rabi.

Ƙasashen uku duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta ishe ku, kuma a ofishin jakadancin Beljiyam za ku nema tunda can za ku fi daɗewa. Amma kada fasfo ya shiga cikin babban akwati. Faransa tana binciken kan iyaka tun 2015, Jamus ta faɗaɗa nata zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa a Satumban 2024, 'yan sanda kan shigo tarago su nemi takardu.

Idan kuna Brussels kuka yi sha'awar ƙauyukan Ardennes da ke kudancin Beljiyam ko wani wurin da jirgi bai kai ba, a nan hayar mota ke da amfani: ka karɓa da safe bayan ka huta, ba kaya, ka mayar da ita inda ka ɗauka.

Game da akwati na biyar, ka buɗe tsarabar ka duba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga ƙasashenmu. Kilishi, dambun nama da man shanu duk kwastan za su karɓe a Frankfurt, har ana iya cin tara. Idan ka cire su ka bar kuka, kuɓewa busasshiya, yaji da atamfofi, mai yiwuwa ka tarar kayan sun shiga akwati huɗu.