Me ya sa ƙofar mota ke ja na da hunturu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Duk lokacin hunturu in na sauko daga mota na taɓa ƙofa sai in ji abu ya ja ni kamar shokin, haka da daddare in na yaye bargo sai in ga tartsatsi yana ƙas-ƙas a duhu. Kakata ta ce iska ce, ni kam tsoro ya fara kama ni. Wata mai karatu daga Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki, lafiyarki ƙalau. Abinda kike ji lantarki ne, amma irin wanda yake taruwa a jiki ya zauna, ba mai gudu cikin waya ba.

Kinga duk wani abu da kike gani, har jikinki, akwai caji iri biyu a cikinsa, fozitif da negetif, kuma galibi adadinsu ɗaya ne shi yasa ba ki jin komai. To da zarar abu biyu sun gogi juna, misali mayafinki da kujerar mota, sai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektron su bar ɗaya su koma ɗayan, wannan ya samu ƙari wancan ya samu giɓi. Ki gwada yau, ki goga bayan biro a gashinki ki kai shi kusa da gutsattsarin takarda, zaki ga sun yi tsalle sun manne tun kafin biron ya taɓa su. Wannan jan daga nesa shine abin lura, duk abu mai caji yana da fage kewaye dashi inda ƙarfinsa ke kaiwa, iri ɗaya su ture juna, mabambanta su jawo juna. Wani Bafaranshe, Coulomb, ya auna abin a 1785, ya gano in kika ninka tazara sau biyu ƙarfin sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Me ya haɗa shi da hunturu kuma? Da damina iska nada laima, danshin dake kan fata da tufafi yana kwashe cajin a hankali ba tare da kin sani ba. Da hunturu kuwa komai ya bushe ƙayau, cajin bai da hanyar fita sai yayi ta taruwa, kina miƙa yatsa ga ƙarfe sai ya tsallake lokaci guda. Busasshiyar iska na buƙatar wajen volt 3000 kafin tartsatsi ya keta milimita ɗaya, kinga ba ƙaramin abu bane, sai dai cajin kansa ɗan mitsitsi ne shi yasa baya illa. Walƙiya ma haka take, girma ne kawai ya bambanta su.

Ki riƙa dafa ƙarfen ƙofa kafin ki tashi daga kujera, ki shafa mai sosai, ki fi sa kayan auduga akan na roba-roba. Inda nake so ki kula da gaske shine wajen fetur, don ɗan tartsatsin nan yana iya kunna tururinsa. In an je sayen man janareto, dan Allah a sauke jarkar ƙasa kafin a zuba, kar a cika ta tana cikin but ɗin mota.